Jakar Yaya Zuweira

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan La'asar

Jibi za mu hau jirgin ruwa, kwana bakwai, zuwa Bermuda mu dawo. Baban Ikram ne ya shirya, wai don in huta, tunda ban samu zuwa Maraɗi ba da Inna ta rasu a watan Afrilu. Na gode masa. Amma duk wanda ya ce zan huta a inda wasu ke dafa wa 'yata abinci bai san ni ba.

Ikram shekararta takwas, gyaɗa kuwa guba ce a jikinta. Tana da shekara biyu ta lashi ƙuli-ƙuli a gidan suna nan unguwarmu ta Park Hill, kafin motar asibiti ta iso leɓenta ya yi baƙi. Tun ranar ban yarda da tukunyar kowa ba.

Na haɗa kaya. Allurar gaggawa huɗu, irin wadda ake caka mata a cinya idan numfashi ya fara tsukewa. Maganin ƙaiƙayi na ruwa. Kati ashirin da na buga da Turanci, masu cewa yarinyar nan ko cokalin da ya taɓa gyaɗa zai iya kashe ta. Biskit ɗinta. Sai gwangwanin Inna, wanda aka kawo mini cikin kayanta bayan rasuwa: man kaɗe ne da ta haɗa da hannunta, ta ɗaure bakin da leda, ta rubuta sunan Ikram da ajami a murfin. Jikar da ba ta taɓa gani ba. Har yau ban iya buɗe shi ba, amma ba zan bar shi a gida shi kaɗai ba.

Yaya Zuweira za ta bi mu. Ita ta riƙe Baban Ikram a Kumasi bayan rasuwar iyayensu, don haka ba a ce mata a'a. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, kuma ta iya, ban hana mata ba. Amma ita ce ta taɓa ce mini, "Mu a Zongo da miyar gyaɗa aka yaye mu, ba wanda ya mutu." Shekara shida ke nan. Ita wataƙila ta manta.

Lahadi, 3 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Mun wuce St. George, tashar jirgin fito ta ɓangarenmu. Ikram ta ga jirgin fito da nake hawa kullum zuwa aiki, ta ce ya koma kamar abin wasa. Ta yi ta ɗaga masa hannu.

Na je na ga shugaban masu raba abinci na ɓangarenmu. Sunansa Kwasi, dattijo mai furfura, ɗan Gana. Ya karanta katina har ƙarshe, na ba shi wannan. Ya ce tsarinsu shi ne kullum da yamma in zaɓi abin da Ikram za ta ci gobe, a dafa shi a wuri dabam, ya kawo da hannunsa a rufe. Kada ta je inda ake jera abinci kowa ya ɗiba, don cokula suna yawo daga tukunya zuwa tukunya.

Hankalina ya fara kwanciya, sai Yaya Zuweira ta ji sunansa. Nan take suka juya harshe zuwa Twi, suna dariya, tana nuna Ikram da haɓa. Ba na jin Twi. Na tambayi Baban Ikram me suke cewa, ya ce, "Gaisuwa ce kawai, Nafi, ki yi relaxing."

Gaisuwa ba ta minti goma.

Jakar Yaya baƙa ce, babba, mai zif uku. Ko banɗaki za ta shiga da ita take shiga.

Litinin, 4 ga Agusta, bayan Azahar

Ikram ta yi awa biyu a wurin ninkaya, ta fito fatarta ta yi fari fat, ta bushe kamar ta kadangare. Man da muka zo da shi bai yi komai ba. Na zauna bakin gado na kwance ledar Inna.

Ƙamshin ƙanumfari da turaren wuta. Haka zaninta yake ƙamshi. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada yarinyar ta ji ni. Da na fito na shafa mata a hannuwa da wuya, na ce wannan kakarki ce ta yi miki. Ta ce da Turancinta, "Kaka tana ƙamshin kek."

Da rana Kwasi ya kawo shinkafa da kaza a rufe. Ina kallo Yaya ta zuge zif, ta fito da 'yar kwalba ta barbaɗa wa namanta yaji. Yaji, a teburin da 'yata ke ci. Wa bai san da ƙuli ake daka shi ba? Na janye farantin Ikram zuwa gefena. Ta dube ni ta ce, "Maman Ikram, wannan ba komai a ciki."

Litinin, bayan Magariba

Ƙuraje a hannuwan Ikram biyu da wuya. Jajaye, masu tudu. Na ba ta maganin ruwa.

Yaya ce ta riƙe mata hannu daga wurin cin abinci zuwa ɗaki.

Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Sun ɗan lafa. Na shafa mata man Inna a kansu don su yi sanyi.

Na ce wa Baban Ikram ya yi wa yayarsa magana kan kwalbar. Ya ce zai yi. Yadda ya ce zai gyara ƙofar kicin tun bara.

Talata, ƙarfe huɗu

Sun dawo, har da bayan kunne.

Na sami Kwasi na tsare shi. Ya kai ni har bakin kicin, ya nuna mini teburin da ake haɗa abincin masu irin ciwon Ikram, wuƙaƙensa da allon yankansa launinsu dabam. Ya yi magana a hankali, ya ce jikarsa ma ba ta shan madara. Mutumin kirki ne ko ya iya fuska, ban sani ba. Da na juyo na ga Yaya tsaye nesa kaɗan tana jiransa da jakarta. Me take da shi kullum?

Laraba, 6 ga Agusta, bayan La'asar

Mun sauka Bermuda. Gidajensu ruwan hoda da shuɗi, rufin duk fari. Ban kalli da yawa ba, ina kallon hannayen mutane.

Ba a yarda a fita da dafaffen abinci daga jirgi ba, don haka biskit da ruwa kawai na ɗaukar mata. Yara suna ta shan askirim a bakin hanya, ita tana haɗiyar yawu. Na nuna wa mai sayarwar katin, ya karanta ya ce shi ba zai rantse ba, ludayi ɗaya ne. Na ji daɗin gaskiyarsa, Ikram ba ta ji ba. Ta yi fushi ta koma gefen gwaggonta.

A bakin teku Yaya ta kai ta banɗaki. Na duba agogo. Minti goma sha biyu. Da suka dawo Ikram tana dariya tana lasar leɓe. Na tambaye ta me ta ci, ta ce ba komai. Na sake tambaya, ta ce, "Mama, ba komai fa." Na shinshina bakinta a gaban kowa. Yaya ta kau da kai ta kalli ruwa.

Rana ta gasa mata kumatu. Da muka koma jirgi na wanke ta na shafa mata mai har fuska.

Yanzu idonta na hagu ya kumbura.

Alhamis, 7 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya na dare

Akwai ƙofa tsakanin ɗakinmu da na Yaya. Ta shiga wanka, ta bar jakar a kan gado, karo na farko tun Lahadi.

Ban taɓa buɗe jakar wani ba a rayuwata. Carbi, maganin hawan jini, safar hannu ta roba irin ta wurin aikinta, sabulun ruwa, hoton Ikram na ranar suna a cikin leda. Da kwalbar. Na ɗauke ta da tsumma, na fita na jefa a kwandon shara na can ƙarshen baranda.

Da rana ta zuge zif ta laluba, ta sake lalubawa. Ta ɗago ta dube ni, ta mayar da zif ta ci namanta haka nan. Ba ta tambayi kowa ba, wannan ya fi damuna. Mai gaskiya ai tambaya yake.

Yau ba mu sauka ba. Ikram ba ta shiga ruwa ba, ban shafa mata komai ba, ta wuni tana zane a ɗaki. Kumburin ya saɓe. Kwalba ta tafi, ciwo ya tafi. Na faɗa wa Baban Ikram haka, ya kalli takalminsa.

Juma'a, 8 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Lafiya lau Ikram ta tashi. Leɓenta kawai ya tsattsage saboda rana da gishirin shekaranjiya, har yana ɗan jini. Za mu sauka na awa biyu, mu dawo kafin jirgi ya tashi.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Allura ta rage uku.

Ikram tana ɗakin likitar jirgi, an sa mata ruwa, tana barci. Numfashinta ya daidaita. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Ba mu ma kai ga sauka ba. Na gyara mata leɓe, muka fito, muna cikin layin fita Yaya na riƙe da ita, sai ta ce maƙogwaronta yana rufewa. Muryar ba tata ba ce. Na ciro allurar, hannuna ya ƙi cire murfin. Shekara shida ina gwadawa a jikin lemo. Yaya ta fizge, ta zaunar da ita a cinyarta, ta caka ta cikin wando tana ƙirgawa da ƙarfi. Ta rungume kanta a cikin mayafinta har aka kawo keken marasa lafiya.

Ba ta ci komai ba tun karin safe, shi ma Kwasi ne ya kawo. Likita ta ce wani abu ya shiga bakinta minti kaɗan kafin abin. Minti kaɗan kafin abin, a hannun wa take?

Na yi magana a ƙofar ɗakin likita, gaban Baban Ikram da Kwasi da ya zo dubiya. Ba zan rubuta abin da na ce ba.

Asabar, 9 ga Agusta, da hantsi

An kulle ƙofar tsakiya daga ɓangaren Yaya.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan La'asar

Mun iso gida. A St. George Yaya ta shafa kan Ikram, ta hau motar unguwarta Port Richmond ita kaɗai, ta ƙi a kai ta. Baban Ikram bai yi mini magana ba tun daga jirgi sai "ina makulli".

Na ce masa ba za ta sake shigowa gidan nan ba sai ta faɗi abin da ta ba yarinyar. Ya ce, "Matar da ta ceci ranta?" Na ce wanda ya san abin da ya bayar ai shi ne zai fi kowa shiri.

Na ji nauyin maganar da ta fito, amma ban janye ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, ƙarfe biyu

Mun ga likitan Ikram. Ya ba ni takarda ya ce in rubuta duk abin da ya shiga bakinta ko ya taɓa jikinta a kwana bakwai ɗin. Na cika shafi biyu: abincin Kwasi rana-rana, biskit, man goge baki, sabulun jirgi, man kare rana, yajin Yaya, na ja masa layi biyu. Ya ce yaji a farantin wani ba lallai ya yi haka ba. Su likitoci ba su san danginmu ba.

Ya ba ta wani man fata na kanti ya ce shi kaɗai za a shafa mata wata guda. Na mayar da gwangwanin Inna kan kantar kicin.

Asabar, 16 ga Agusta, da safe

Kwana shida ba Yaya, kwana shida ba ƙurji ko ɗaya. Sai a zo a gaya mini.

Ikram ta tambaya ko gwaggonta tana fushi da ita. Ta ce a banɗakin Bermuda wasa suka yi, Gwaggo ta sa ta wanke hannu sau uku tana yi mata waƙa. Yaro ana iya koya masa abin da zai faɗa.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan Azahar

Yaya ta kira Baban Ikram. Ina kicin ina jin yana "yoo, yoo, Yaya". Ya shigo ya tsaya bakin ƙofa kamar wanda aka aiko karɓar gawa.

Ya ce ta wanke mayafin da ta rungume Ikram a ciki, akwai tabon mai inda bakin yarinyar ya kwanta, bai fita ba. Yau ta ɗora masa dutsen guga, sai ƙamshi ya taso. Ta ce ta shekara goma tana suyar ƙuli a Zongo, ba za ta kasa gane wannan ƙamshin ba. Ta ce ya tambaye ni me nake shafa wa yarinyar, kuma ko mene ne kada a sake kafin a duba.

Na ajiye wuƙar da ke hannuna don kada in yi abin kunya. Ta rasa wanda za ta ɗora wa sai uwata da ke kabari. Na ce masa man kaɗe ne tsantsa, Inna ba ta algus. Ya ce, "Ban ce ta yi ba, Nafi. Ki duba kawai."

Ba zan duba ba.

Talata, 19 ga Agusta, ƙarfe uku

Zafi yau ya yi yawa, na'urar sanyi ta kicin ta mutu. Ikram tana gidan ƙawarta a hawa na huɗu.

Ba dubawa na je yi ba. Ƙamshin nake so in ji. Na sauko da gwangwanin na buɗe, zafi ya narkar da shi. Ya rabu biyu. Fari a ƙasa, a sama kuma wani mai ja-ja yana yawo.

Ina 'yar shekara tara Inna takan ba ni kwalba ta ce in je gidan masu ƙuli a bayan masallaci a cika mini da mai, wanda aka matse da safe. Takan ce man kaɗe shi kaɗai tauri gare shi, ba ya bin jikin yaro sai an sassauta shi. Ni nake riƙe mata kwanon tana zubawa. Ni nake juyawa.

Na rufe. Na wanke kantar kicin da sabulu.

Talata, bayan La'asar

Litinin hannu da wuya. Talata. Laraba fuska. Alhamis ban shafa ba. Juma'a leɓe.

Na karanta littafin nan daga farko. Duk yana ciki, da rubutuna.

Laraba, 20 ga Agusta, da safe

Inna ba ta sani ba. Wannan ne abin da ban taɓa rubutawa ba ko a nan.

Da abin ya faru Ikram tana shekara biyu, Inna tana fama da zuciya, na ce kada a gaya mata. Daga baya da ta ce za ta aiko da ƙuli da tunkuza, na ce, "Bar shi, Inna, ba ta son gyaɗa." Ta yi dariya ta ce jikar Maraɗi ba ta son gyaɗa, lalle an yi Ba'amurkiya. Na taya ta dariya. Kunya nake ji a ce a gida na haifi 'yar da abincinmu ke kashewa. Na buga kati ashirin don baƙin da ban sani ba, uwata ban gaya mata ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, da rana

Gwangwanin yana cikin leda uku a saman kwaba. Ban gaya wa kowa ba. Baban Ikram ya ga idona bai tambaya ba.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan Magariba

Na bar Ikram da babanta na hau motar Port Richmond da ledar a cinyata. Sau biyu na tashi zan sauka.

Yaya ta buɗe ƙofa da zanin girki. Na gaishe ta, ta amsa gajere. Na miƙa mata ledar. Ta kwance, ta karanta ajamin da ke murfin, ta ɗebi kaɗan a cokali ta kanga a wuta, ta shinshina, ta ɗanɗana da bakin harshe. Ta kashe wutar.

Na ce, "Yaya, ni ce."

Ta ce, "Tsohuwa ba ta sani ba?"

Na ce ban gaya mata ba.

Ta daɗe tana kallon gwangwanin. Ta ce, "Allah ya jiƙanta. Ta haɗa shi da kyau."

Nan ne na durƙusa a kan tayil ɗin kicin ɗinta. Abin da na ce mata a jirgi shi ne wadda ba ta taɓa haihuwa ba ba ta san zafin ɗa ba, shi ya sa take wasa da ran nawa. Yanzu na rubuta. Na maimaita shi a gabanta don ta san ban manta ko kalma ɗaya ba, na roƙe ta gafara.

Ba ta ce ta yafe ba. Ta buɗe kwaba ta nuna mini ƙaramin turmi sabo, an ɗaura masa jan zare. Ta ce tun shekarar da Ikram ta kwanta asibiti ba ta sake shigo da gyaɗa gidanta ba, yajinta da gasasshen masara take dakawa, a wannan turmin. Ta ce, "Na gaya miki ba komai a ciki. Kwasi kuwa kullum ce masa nake idan yarinyar nan ta yi ko tari, ni da shi ne har Kumasi." Na ce me ya hana ta bayyana mini. Ta ce, "Kin taɓa tambayata, Maman Ikram?"

Na ce zan jefar da gwangwanin a hanya. Ta ce a'a. Ta hau kujera ta ɗora shi can saman kwabarta, bayan tukwanen biki, inda yaro ba ya kaiwa.

Ta ce, "Wannan ba zai sake kwana gida ɗaya da Ikram ba. Ranar da kika so jin ƙamshin uwarki, ki zo nan ki buɗe. Monday kuma ki kira likita ki faɗa masa da bakinki."

Na ce to. Na ɗauki jakata zan fita, ta tare ƙofa ta nuna mini famfo. Ta zuge zif ɗin jakarta ta ciro sabulun nan na ruwa ta matsa mini a tafi. Sau uku ta sa na wanke, har gwiwar hannu, tana tsaye a kaina, kafin ta bar ni na koma wurin 'yata.